Yadda Ake Lissafa Saurin Dainoso Daga Sawun da Ya Bari a Dutse

Ƙashin dainoso, wato dabbobin nan dangin kada da tsuntsaye da suka ƙare miliyoyin shekaru da suka wuce, yana nuna girman dabbar da ƙirar jikinta, amma abin da ya rage ne bayan ta mutu, sau da yawa ma ruwa ne ya janyo shi daga wani wuri ya yar. Sawu daban yake. Dabbar tana raye ta taka wannan wurin da ƙafarta, tana kan hanyar zuwa inda ta nufa. Idan abin da ta taka laka ce mai ɗan tauri a bakin tafki, rana ta busar da ita, sannan ambaliya ta kawo yashi ya rufe kafin ruwan sama ya share, to sawun yana iya sandarewa ya zama dutse. Daga jerin irin wannan sawu, da tef ɗin awo da kalkuleta, ana iya ƙiyasta saurin da dabbar take yi a lokacin. Lissafin bai fi ƙarfin ɗalibin babbar sakandare ba. Inda aikin yake shi ne wajen awo, da kuma sanin iyakar abin da amsar take faɗa.

Kafin wani ya ɗauki tef ya nufi Kufena: babu sawun dainoso a duwatsun Zariya. Kufena da Madarkaci da sauran duwatsun da suka kewaye mu narkakken dutse ne da ya huce can cikin ƙasa, shekarunsa sun haura miliyan 500, dainoso kuwa sun bayyana ne kimanin shekara miliyan 230 da suka wuce, suka ƙare shekara miliyan 66 baya. Dutsen da ke riƙe sawu shi ne wanda asalinsa laka ce ko yashi. Irinsa na kusa da mu yana Jamhuriyar Nijar da arewacin Kamaru. A filin Irhazer da ke yamma da Agadas an samu sawaye kimanin 120 masu yatsu biyu, aka wallafa bayaninsu a 2011. A kwarin Koum na Kamaru akwai wasu, kuma wani bincike na 2024 ya nuna sun yi kama da na arewa maso gabashin Barazil, tun zamanin da Afirka da Kudancin Amurka suke manne da juna, kimanin shekara miliyan 120 da suka wuce. Abin da muke da shi a Zariya shi ne wurin koyon aikin da gwada shi: yashin kogin Galma, lakar kogin Kubanni idan ruwa ya ja, da zabi a kusan kowace unguwa.

Kayan aikin kaɗan ne: tef mai mita 5 ko fiye irin na magina, rula, igiya doguwa, ƙusoshi ko tsinkaye na yin alama, littafi da biro, manjagara, da waya. A yawancin wayoyi idan ka buɗe kalkuleta ka kwantar da wayar a gicciye, maɓallan kimiyya za su fito. Wanda kake nema shi ne mai alamar xʸ ko ^.

Mataki na farko: tabbatar dabba ɗaya ce

Sawu ɗaya tak ba ya ba da sauri. Mafi ƙarancin abin da ake buƙata uku ne a jere, dama, hagu, dama, kuma duk na dabba ɗaya. A bakin ruwa dabbobi da yawa suke ratsawa, don haka sai ka duba girman sawayen ya zo ɗaya, yatsun suna fuskantar waje ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta tsalle-tsalle. Ja igiya ta tsakiyar jerin, ka sa wa kowane sawu lamba, ka rubuta na dama ne ko na hagu.

Sai ka gane irin dabbar, domin zai shafi lissafi nan gaba. Masu cin nama da ke tafiya da ƙafa biyu sawunsu yatsu uku ne sirara masu tsinin farce, tsawonsa ya fi faɗinsa, kuma suna ajiye ƙafa kusan a kan layi ɗaya. Masu cin ganye da ke tafiya da ƙafa biyu, dangin Ouranosaurus da Philippe Taquet ya haƙo a Gadoufaoua ta Nijar ya raɗa masa suna a 1976, su ma yatsu uku ne, amma gajeru masu kauri, bakinsu a dakushe, faɗin sawun ya kusa kai tsawonsa. Manyan nan masu dogon wuya, irin Jobaria da aka samu a yankin Ingal, sawun ƙafarsu ta baya babban rami ne mai kewaye, na gaba kuma ƙarami ne mai siffar jinjirin wata. A wurinsu da na baya ake lissafi, kuma sai an kula, domin ƙafar baya takan faɗa kan sawun ta gaba ta ɓata shi.

Inda jeri biyu suka gitta, wanda ya danne shi ne ya zo daga baya. A wani wurin fasa dutse a Oxfordshire ta Ingila, inda aka tono sawaye kusan 200 masu shekara miliyan 166 a 2024, akwai inda sawun mai cin nama ya matse tudun lakar da ƙafar mai dogon wuya ta turo. Mun saba cewa sawun giwa ya taka na raƙumi, a can kuwa ƙaramin ne ya taka na babban, shi ya sa aka san babban ne ya riga wucewa.

Mataki na biyu: tsawon sawu

Auna daga ƙarshen yatsan tsakiya zuwa bayan sawun, a miƙe. Kada ka haɗa da jan farce da dabbar ta yi lokacin da take cire ƙafa, kada kuma ka haɗa da ɗan yatsan baya idan ya fito. Auna duk waɗanda suka fito sosai, ka tara, ka raba da adadinsu.

Da baki abin yana da sauƙi. Je ka duƙa a kan sawun kaza a laka mai ruwa ka gani: gefen ramin ya zubo ciki, yatsun sun rufe sun zama kamar tsaga, ta baya kuma akwai wani dogon layi inda ƙwaurin ya nutse. Ina sawun ya fara, ina ya ƙare? Haka abin yake a dutse. A kogin Paluxy na jihar Texas ta Amurka akwai dogayen sawaye da aka daɗe ana yaɗa cewa na mutane ne ƙatta. Da aka bincika sai aka ga dainoso ne da ƙwaurinsa ya kwanta a laka, daga baya laka ta cike gurbin yatsun. Wanda ya auna irin wannan gaba ɗaya a matsayin tsawon ƙafa ya ɓata lissafinsa tun daga tushe.

Akwai wata matsalar. Nauyin dabba yana lotsa shimfiɗun ƙasa da ke ƙarƙashin wadda ta taka. Idan zaizaya ta cinye ta sama, abin da za ka gani shi ne lotsawar ƙasa, wadda ta fi ainihin ƙafar faɗi kuma ba ta da kaifin baki. Alamar sawu na ainihi ita ce a ga gaɓoɓin yatsu, ko tsinin farce, wani lokaci har zanen fata. Idan ba ka ga ko ɗaya ba, rubuta a littafinka cewa awon yana iya zarce gaskiya.

Lokacin awo ma yana da tasiri. Da rana tsaka sawu yakan ɓace wa ido. Da hantsi ko bayan la'asar, hasken yana zuwa ta gefe, inuwa ta kwanta cikin ramin, bakinsa ya fito fes. Idan za ka ɗauki hoto, tsaya daidai samansa, ka ajiye rula a gefe.

Mataki na uku: tsayin ƙugu

Lissafin yana buƙatar tsayin ƙafar dabbar daga ƙasa zuwa inda cinya ta haɗu da ƙugu. Dabbar ba ta nan balle a auna, sai ƙiyasi. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita: tsawon sawu sau 4.

Me ya sa har sau huɗu? Kama kaza ka duba ƙafarta. Abin da yake taɓa ƙasa yatsu ne kawai. Gaɓar nan da ke lanƙwashewa baya, wadda mutane suke ɗauka gwiwa ce, idon sawu ce. Gwiwar gaskiya tana sama, a ɓoye cikin gashi kusa da jiki. Dainoso masu ƙafa biyu haka suke tafiya, a kan yatsu, kuma masana sun tabbatar tsuntsaye daga zuriyar masu cin naman cikinsu suka fito. Saboda haka sawun ɗan yanki ne na doguwar ƙafa.

Sau 4 ɗin ba doka ba ce. Tony Thulborn, wanda ya yi aiki a kan sawayen Ostareliya, ya kawo wasu alƙaluma bayan ya auna ƙasusuwa: ƙananan masu cin nama da sawunsu bai kai santimita 25 ba, sau 4.5, manyansu, sau 4.9, manyan masu cin ganye masu ƙafa biyu, sau 5.9. Shawarata ita ce kada ka zaɓi ɗaya ka watsar da ɗaya. Yi lissafin da sau 4, ka sake yi da na Thulborn, ka riƙe amsoshin biyu. Tazarar da ke tsakaninsu ita ma wani ɓangare ce na amsar.

Mataki na huɗu: cikakken taku

A nan aka fi yin kuskure. Daga sawun dama zuwa na hagu da ke biye rabin taku ne. Cikakken taku shi ne daga sawun dama zuwa sawun dama na gaba, ko hagu zuwa hagu, kuma shi lissafin yake so. Zaɓi wuri ɗaya a jikin sawun, misali ƙarshen yatsan tsakiya, ka kafa tsinke a nan a kowane sawu, ka riƙa aunawa daga tsinke zuwa tsinke. Kada ka fara daga yatsa ka ƙare a dunduniya.

Rubuta kowane taku daban kafin ka fitar da matsakaici. Idan tazarar tana ƙaruwa a hankali, dabbar tana ƙara sauri ne, kuma matsakaici zai ɓoye wannan. A Ardley, ita ma a Oxfordshire, an bayyana wani jeri a 2002 inda babban mai cin nama yake tafiya ƙafafunsa a ɗan buɗe, sai takunsa ya tsawaita, sawayen suka dawo kan layi ɗaya: ya tashi daga tafiya ya shiga gudu. Da an tara komai an raba, da an rasa abin da ya fi daraja a wurin. Haka kuma idan dama zuwa hagu kullum ya fi hagu zuwa dama tsawo, mai yiwuwa dabbar tana ɗingishi.

Duk awon ka mayar da shi mita. Santimita 50 ita ce mita 0.5.

Mataki na biyar: tafiya ce ko gudu?

Raba cikakken taku da tsayin ƙugu. Idan amsar ba ta kai 2 ba, tafiya ce. Daga 2 zuwa 2.9, sassarfa. Sama da 2.9, gudu. Wannan ɗan rabon ya fi lissafin da zai biyo baya aminci, domin bai dogara da zato mai yawa ba, kuma mafi yawan jerin sawayen da aka sani a duniya a ƙasa da 2 suke faɗawa.

Mataki na shida: lissafin kansa

Wanda ya fito da shi Robert McNeill Alexander ne, farfesan ilimin dabbobi a Jami'ar Leeds ta Ingila, a mujallar Nature a 1976. Ya aro tunanin ne daga William Froude, injiniyan jiragen ruwa na ƙarni na 19, wanda yake gwada ƙananan samfurin jirgi a cikin kwatamin ruwa don ya san yadda babban zai yi a teku. Froude ya gane cewa ƙarami da babba suna nuna hali iri ɗaya idan aka daidaita saurin kowanne da girmansa. Alexander ya ce dabbobi ma haka ne. Dubi uba da ƙaramin ɗansa suna sauri kada su rasa jam'i: saurinsu ɗaya, amma uban tafiya yake yi, yaron kuwa sassarfa, domin a ma'aunin gajeriyar ƙafarsa wannan saurin mai yawa ne. Ma'aunin shi ne sauri sau kansa, a raba da abin da ya fito idan aka ninka ƙarfin janyowar ƙasa, wato 9.8, da tsayin ƙugu. Mutum yakan bar tafiya ya koma gudu idan wannan lamba ta kai kusan 0.5, wanda ga mai ƙugu santimita 90 ya kama kimanin kilomita 7.5 a awa. Alexander ya tattara awon dabbobi masu rai, har da mutane, ya ga yadda tsawon taku yake tafiya da wannan lamba, sannan ya juya lissafin ya fitar da sauri:

Sauri = 0.78 × T^1.67 ÷ K^1.17

T cikakken taku ne, K tsayin ƙugu, dukansu a mita. Amsar tana fitowa a mita nawa cikin sakan ɗaya. Ka ninka da 3.6 ka samu kilomita a awa. Ita 0.78 ɗin rubu'in 3.13 ce, lambar da idan ta ninka kanta take ba da 9.8.

Mu ɗauki misali. A ce sawun babban mai cin nama ne, tsawonsa mita 0.5, cikakken takunsa mita 3. Ƙugu sau 4 ya zama mita 2. Uku a raba da biyu 1.5 ne, wato tafiya. A kalkuleta danna 3, sai xʸ, sai 1.67: za ka ga 6.26. Danna 2, xʸ, 1.17: za ka ga 2.25. To 0.78 sau 6.26 a raba da 2.25 ya ba da kusan mita 2.2 a sakan, kimanin kilomita 7.8 a awa. Yanzu sake yi da sau 4.9. Ƙugu ya zama mita 2.45, wanda idan aka ɗaga shi zuwa 1.17 yake ba da 2.85, saurin ya sauko mita 1.7 a sakan, kimanin kilomita 6.2 a awa. Dabba ɗaya, sawu ɗaya, amsa tsakanin 6 da 8.

Da a ce ka yi kuskuren nan na sa rabin taku, mita 1.5 maimakon 3, amsar ba rabi za ta zama ba, za ta faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, wajen kilomita 2.5 a awa. Dalili shi ne 1.67 ɗin nan yana kumbura duk wani kuskure: ƙarin kashi 10 cikin ɗari a awon taku yana ƙara kashi 17 a amsa, ƙarin kashi 10 a tsayin ƙugu yana rage kimanin kashi 11.

Misali na biyu, mai gudu. Sawu mita 0.3, ƙugu mita 1.2, taku mita 4. Rabon 3.3 ne. Huɗu a ɗaga zuwa 1.67 ya ba da 10.13, 1.2 a ɗaga zuwa 1.17 ya ba da 1.24, saurin mita 6.4 a sakan, wato kilomita 23 a awa. Ga dabba mai gudu, Thulborn da Mary Wade sun kawo wata hanyar a 1984, daga aikinsu a Lark Quarry ta Ostareliya mai sawaye sama da 3,000. Ninka K da 1.8, ka raba T da abin da ya fito, ka ɗaga amsar zuwa 2.56, ka ninka da 9.8 da kuma K, sannan ka danna maɓallin √. A misalinmu yana ba da mita 7.5 a sakan, kilomita 27 a awa. Nan ma ka riƙe biyun.

Mataki na bakwai: gwada shi a kan ƙafarka

Wannan ne matakin da na fi so malamai su riƙe, domin gani ya kori ji. Duk lissafin da ba ka gwada a kan abin da ka san amsarsa ba, ba ka san inda yake gaskiya da inda yake zamewa ba.

Bayan damina ta ɗauke, ruwan Galma ya ja, akwai shimfiɗun yashi mai ɗan danshi da suke riƙe sawu da kyau. Kada a kai yara bakin kogi lokacin da yake cike, kuma a nisanci ramukan da masu ɗiban yashi suka bari. Wanda kogi ya yi wa nisa, ramin tsallen filin wasan makaranta ko gefen filin ƙwallo ya isa: a yayyafa ruwa, a bi da manjagara, a daidaita da katako.

Auna mita 20, ka kafa alama a farko da ƙarshe. Mai tafiyar ya fara daga baya da 'yan mitoci don ya shigo layin da saurinsa a daidaice, ya kuma wuce alamar ƙarshe kafin ya tsaya. Wani ya riƙe agogon waya. Mita 20 a raba da sakan ɗin da ya ɗauka, shi ne saurinsa na gaskiya. Sai a koma kan yashi a auna cikakken takunsa. Ƙugunsa kuwa a auna shi kai tsaye, daga ƙasa zuwa ƙashin nan da ke motsi a gefen cinya idan ya ɗaga ƙafa. Kada a yi masa sau 4, domin mutum da dukan tafin ƙafa yake takawa: mai sawun santimita 26 sau 4 zai ba shi ƙugu sama da mita ɗaya, alhali nasa bai wuce wajen santimita 90 ba. Ga mai ƙugu mita 0.9 da taku mita 1.4, lissafin Alexander zai ce kimanin kilomita 5.6 a awa. Kwatanta da abin da agogo ya nuna.

A maimaita da tafiyar nishaɗi, da tafiyar sauri, da sassarfa, da gudu iya ƙarfi, a kuma sa dogo da gajere. Sannan a sauya ƙasa: yashi mai tauri, yashi mai nutsewa, laka. A littafi a ja layi uku, saurin agogo, saurin lissafi, da na biyun a raba da na farko. Layin ƙarshen nan shi ne darasin. Ɗaliban da suka cika shi da hannunsu ba za su ƙara karanta labarin saurin dainoso su haɗiye shi ɗanye ba.

Mataki na takwas: zabuwa

Mutum ba shi ne ya fi dacewa da wakiltar dainoso ba. Tsuntsu mai yawo a ƙasa ya fi, kuma abin da ya kamata mu yi alfahari da shi, zabuwarmu ta Afirka ce masana suke ta komawa kanta. A 2014 Peter Falkingham da Stephen Gatesy sun sa zabo tafiya a kan tarin ƙananan tsaba suna haska ƙafarsa da na'urar hoton ƙashi, don su ga yadda yatsu suke motsi a ƙarƙashin ƙasa lokacin da sawu yake samuwa. A 2025 kuma masu bincike na Jami'ar Liverpool John Moores suka wallafa gwajin zabi biyu da suka taka laka mai laushi daban-daban, ana ɗaukarsu a bidiyo mai sauri. Da aka sa awon sawunsu a lissafin Alexander, amsar ta zarce saurinsu na gaskiya, a wasu lokuta fiye da ninki biyu. A laka mai kama ƙafa tsuntsu yana iya miƙa dogon taku alhali a hankali yake tafiya. Ga shi kuma sawun dainoso kusan duka a irin wannan ƙasa mai laushi aka bar su, in ba haka ba da ba su tabbata ba.

Ni a ganina wannan bai kashe lissafin ba, amma ya rage masa iko, kuma duk mai amfani da shi yau wajibi ne ya faɗi haka. Za ka iya yin ƙaramin irin gwajin a gida. Kwaɓa laka a wani lungu mai tsawon mita 3, ka kare gefe biyu da katako ko zana, ka shimfiɗa tef a gefe, ka zuba dawa a ƙarshe. Kafa waya a gefe ta ɗauki bidiyo. Kada a kora zabuwar, a bar ta ta bi abincin da kanta. Idan ta cika tsoro, kaza ko agwagwa za su yi. Yawancin wayoyi hoto 30 suke ɗauka a sakan, don haka idan ka ƙirga hotunan da ta ɗauka tsakanin alama biyu ka samu lokaci. Sai ka auna sawun, ka yi sau 4, ka kuma auna ƙugunta na gaskiya tana tsaye ka ga ko sun haɗu. Yi a laka mai tauri, ka ƙara ruwa ka sake.

Mataki na tara: sawun dainoso na gaske

Wanda ba zai iya zuwa Agadas ba yana iya aiki da taswira. Masu bincike sukan zana jerin sawu daga sama, da ɗan layi a gefe mai nuna mita ɗaya ko biyu, kuma mujallu irin su PLOS ONE da Scientific Reports kyauta ake karanta su a intanet. Buga taswirar a takarda, ka auna layin ma'aunin da rula. Idan layin mita ɗaya ya zo santimita 2 a takarda, to duk santimita ɗaya da ka auna rabin mita ce a fili. Hoton da aka ɗauka a karkace ba ya yin wannan aiki, domin na nesa yana ƙanƙancewa. Galibi takardun suna da jadawalin awo, sai ka yi naka lissafin kafin ka duba nasu.

Ga abin da za ka auna amsarka da shi. Jerin da Alexander ya fara lissafawa sun ba shi tsakanin mita 1 zuwa 3.6 a sakan. James Farlow ya samu masu gudun kimanin kilomita 40 a awa a Texas a 1981. A La Rioja ta Sifaniya, wani bincike na 2021 ya ba wani matsakaicin mai cin nama har kusan kilomita 45 a ƙiyasi mafi girma, kusan ƙololuwar saurin Usain Bolt ranar da ya yi mita 100 cikin sakan 9.58 a Berlin a 2009, amma ƙasa da jimina mai kaiwa wajen 70. Idan lissafinka ya ba mai dogon wuya kilomita 50 a awa, koma ka duba ko ka tsallake wani sawu da ya goge, ko ka cakuɗa santimita da mita.

Sawu kuma ba ya nuna iyakar gudun dabba. Dabbobi tafiya suka fi yi a yininsu, kuma ba su cika zura gudu a laka ba sai dole. Tambayar iyakar gudun Tyrannosaurus, wani ƙaton dainoso mai cin nama, ta wata hanya ake bin ta, ta lissafin tsoka da ƙarfin ƙashi, kamar yadda John Hutchinson da Mariano Garcia suka yi a 2002 suka nuna cewa dabba mai wannan nauyi ba za ta samu tsokar da gudu mai tsanani yake buƙata ba.

Mataki na goma: rubuta sakamako

Rubuta sawu nawa ka auna da yadda suka fito, matsakaicin tsawonsu, cikakken taku mafi gajarta da mafi tsawo, lambar da ka ninka don samun ƙugu, lissafin wa ka bi, da irin ƙasar da aka taka idan an sani. Kada ka kwafe duk lambobin da kalkuleta ta zubo bayan ɗigo. Awon da aka yi da tef a kan lotsattsen dutse bai cancanci fiye da lamba ɗaya bayan ɗigo ba. Ga misalinmu na farko, rubutun zai zama kamar haka: babban mai cin nama ne, ƙugunsa tsakanin mita 2 da 2.5, rabon taku da ƙugu 1.2 zuwa 1.5, wato tafiya yake yi. Lissafin Alexander ya ba da kilomita 6 zuwa 8 a awa, kuma idan lakar mai laushi ce sosai, saurin gaskiya yana iya zama ƙasa da haka.